Kalmar da Kika Gada Daga Bakina

Gaya, ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa motarku ta isa Yamai lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ki da abokan ɗaki na kirki. Innarki tana gaishe ki. Ba zan cika miki takarda da labarin gida ba, jiya kika bar shi, babu abin da ya canza. Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ki a wayar portabul domin na san halina. In na fara da baki murya za ta hau, ke kuma ki yi ta cewa "to, Baba" har in gama, ba ki ji ko ɗaya ba.

Raina a ɓace yake, Rahila, kuma ke kika ɓata shi.

Shekaranjiya Lahadi, da fasto ya ba ki jagorancin nazarin Nassi don ban kwana, ina zaune a bencin baya ina alfahari da ke. Sai Markus ya ɗaga hannu. Kin san Markus, kin san kogi ya shanye masa shinkafarsa kaf a daminar nan, saura mako biyu a yanka. Mutumin nan ya tashi da ladabi, hularsa a hannu, ya ce: "Mun yi azumi kwana uku, mun roƙi Allah ya riƙe ruwan, ruwa ya zo ya ci. Shin Allah ne bai ji ba, ko mu ne ba mu fahimci alkawarin ba?" Tambayar da ta fi wannan gaskiya ban ji an yi a majami'armu ba shekara da shekaru. Me kika ce masa? Kika dube shi daga sama har ƙasa, kika ce: "Ɗan'uwa, Shaiɗan ne ke magana ta bakinka."

Aka yi miki tafi. Tafi, Rahila! Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya zauna kansa a sunkuye, mutane suna tafi. Da aka tashi wani dattijon ikilisiya ya kama hannuna ya ce ɗiyata ta ƙoshi da bangaskiya, in dai ja miki kunne ki toshe kunnuwanki a makarantar tauhidin nan, kada malamai masu yawan karatu su lalata ki. Na zare hannuna na wuce, don in na buɗe baki a wurin da an ji mu har tasha. A tura yarinya makaranta, a ce ta je da kunne a toshe? To me za ta je yi?

Kafin ki buɗe kaye, littafin rubutunki, ki rubuta darasin farko, ki kira Markus ki ba shi haƙuri. Kada ki yi masa wa'azi, kada ki kawo masa aya. Ki ce kin yi kuskure, ki ce tambayarsa tana da nauyi kuma ba ki da amsarta tukuna. Wannan ba shawara ba ce, umurni ne, kuma na daɗe ban ba ki umurni ba.

Yanzu ki saurari dalilin da ya sa abin ya ƙona ni haka. Kalmar nan da kika faɗa tawa ce. Ban taɓa furta ta a gabanki ba, amma ni na fara sakin ta cikin mutanenmu tun ba a haife ki ba, ta yi ta yawo daga baki zuwa baki, ga shi ta dawo gidana ta fito daga bakin ɗiyata.

Lokacin ina saurayi sabon aure, bayan na yi shekara biyu a makarantar bishara ta Doso, aka tura mu ni da innarki wani ƙauye a bakin kogi wajen Tunuga. Majami'armu rumfar zana ce, masu bi ba su cika gida goma ba, sauran gari duk Musulmi ne, manoma da masunta. Na isa wurin ina jin babu abin da ya rage a sama ko a ƙasa da ban sani ba. Shekara biyu kacal, amma tafiyata ma ta canza.

Maƙwabcinmu wani masunci ne, Malam Hamidu, Badende, mai ja wa mutanen unguwarsu salla. Hausarsa ta kasuwa ce, amma kansa ba na wasa ba. Shi ya fara kawo mana kifi ranar da muka sauka, matarsa ta koya wa innarki hura wuta da karan dawa jiƙaƙƙe. Wata rana da hantsi yana gyaran taru ƙarƙashin mangwaro, na zauna kusa da shi, ya ce: "Malam Iliya, ina da tambaya, ba don faɗa ba. Kun ce Almasihu Allah ne, kun ce kuma ya mutu kwana uku. To a kwana ukun nan wa ke riƙe da duniya?"

Ban san amsa ba. Ba a koya mana wannan ba, ko kuma an koya ina gyangyaɗi. Maimakon in ce haka, sai na ƙirƙiro wani misali a take, na rana da inuwarta cikin ruwa, wanda ni kaina ban gane kansa ba, na kuma ƙara da cewa haka yake a rubuce. Ya ce in nuna masa wurin. Na yi ta juya shafukan Nassi, daga ƙarshe na ce a cikin na Faransanci yake, wanda na bari a Doso. Ya ci gaba da ɗinkin tarunsa, can ya ce: "Da ka ce mini ba ka sani ba, da na ƙara ganin girmanka." Shekara biyar muka ƙara yi muna maƙwabtaka, bai sake yi mini tambaya a kan addini ba. Hirarmu ta koma ta ruwa ya hau, ruwa ya sauka.

Abin da ya fi ba ni haushi, tambayar nan ba sabuwa ba ce. Masu bi na dā sun sha fama da ita, sun yi tunani mai zurfi a kanta, kuma akwai amsa mai kyau wadda na samu bayan shekaru. Amma na riga na sayar da amincina don kada a ga gazawata na minti ɗaya. Ke ma za a tambaye ki abin da ba ki sani ba, a aji, a mota, a gidan maƙwabta. Ki ce ba ki sani ba, ki je ki nema, ki dawo. Allah ba ya bukatar ƙaryarki don ya tsaya. In kin yi ƙarya don ki kāre shi, kanki kike kārewa.

Wannan ƙaramin laifi ne in an gwada shi da na gaba.

A shekara ta uku na kama wata aya da ke maganar roƙo da bangaskiya, na mai da ita wa'azina na kowace Lahadi. Ina cewa duk wanda ya roƙa da zuciya ɗaya zai samu abin da ya roƙa, ba shakka, ba jinkiri. Daga nan na zarce, na ce wanda aka yi wa addu'a sannan ya tafi dispanser neman magani ya nuna bai yarda da Allah ba. Mutane suna so. Dispanser da nisa, addu'a kuwa a ƙofar gida take. Ni ma ina so, don duk wanda zazzaɓi ya sake shi sai a ce addu'ar Malam Iliya ce.

Baffanki Yakubu, ƙanena, yana aikin jinya a lokacin nan cikin Gaya, yakan zo mana ƙarshen mako a kan moto, wato babur. Wata Asabar ya tarar muna nazari, ya zauna ya ji. Da na gama ya tashi ya ce: "Yaya, anya haka ayar nan take nufi? Don Allah karanta mana abin da ke gabanta da abin da ke bayanta." Abin da ya roƙa ke nan. Bai zage ni ba, bai musa Nassi ba. Ni kuwa na ga ƙanen da na goya yana gyara ni gaban matan ƙauye, jinina ya tafasa. Na nuna shi da yatsa na ce: "Shaiɗan ne ke magana ta bakinka." Na hana shi jibin Ubangiji sai ya tuba. Mutane suka ce amin da ƙarfi. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Da bazara ta yi, sanƙarau ya shigo ƙauyukan bakin kogi. Ya kama ɗiyar wata mai bi, Talatu, yarinya 'yar shekara huɗu. Wuyanta ya sanƙare, jikinta kamar garwashi. Talatu ta zo da kuka ta ce a kai ta Gaya. Na ce mata: "Talatu, yau ne Allah zai gwada ki. In kin ɗauke ta daga ɗakin nan kin ɗauke ta daga hannunsa." Matar nan ta yarda da ni. Kwana uku muna kewaye da tabarma muna waƙa, muna ɗora hannu. Malam Hamidu ya zo bakin zana ya yi sallama, ya ce: "Malam Iliya, mu ma muna addu'a, amma muna kai yara likita." Na ce masa abin namu daban ne. Shi ne ya aika aka gaya wa Yakubu. Rana ta huɗu da safe Yakubu ya shigo ɗakin bai gai da kowa ba, ya naɗe yarinyar a zane, ya ce wa Talatu ta hau bayan moto. Na tare ƙofa. Ya ce: "Yaya, matsa, ko in ture ka." Na matsa.

Yarinyar ta rayu. Kin san abin da na yi ranar Lahadi? Na hau gaban jama'a na ce addu'armu ce ta tashe ta. Bayan wata guda aka lura ana kiranta ba ta waiwayowa, ana buga kwano a bayanta ba ta firgita. Ciwon ya tafi da jinta. Likita ya gaya wa uwar da an kawo ta ranar farko da wataƙila ba haka ba. Ni kuma, ubanki, da aka kawo mini labarin, na ce shakkar iyayenta ce ta jawo, don sun ɗauke ta kafin addu'a ta cika.

Kin san yarinyar nan, Rahila. Ladi ce, mai ɗinki a bakin kasuwa, wadda kike gaisarwa da hannu. Ita ta ɗinka miki farin kayan da kika sa ranar baftismarki. Ba a haife ta kurma ba.

Ki tsaya nan ki yi tunani. Ban yi sata ba, ban sha giya ba, ban nemi matar kowa ba. Ina azumi, ina addu'a, da zuciya ɗaya nake yin abin da nake yi. Abu ɗaya na yi: na haɗa fassarata da Maganar Allah na mai da su abu guda, har duk wanda ya taɓa fassarata sai in ce Allah ya taɓa. Mutum biyu Allah ya aiko mini, ɗaya mai bi ɗaya Musulmi, duka biyun suna da gaskiya, na kore su da sunansa. Don haka in wani ya soki abin da kika koyar, tambayar farko da za ki yi wa kanki ba "wane ne shi" ba ce. Ki tambayi kanki ko abin da ya faɗa haka ne. Ko ƙanenki ne, ko wanda bai yi lakwal ba, wato boko, ko wanda ba addininku ɗaya ba, ko ma wanda ya faɗa da mugun nufi. Mugun nufinsa tsakaninsa da Allah ne. Ke dai ki duba maganar.

Shekara biyu na yi ina kauce wa idon Talatu. Ba ta daina zuwa sujada ba, takan zauna a gaba da Ladi a cinyarta, yarinyar tana kallon bakina ina wa'azi. Wata Lahadi ina tsakiyar magana na dubi yarinyar, na kasa ci gaba. Na rufe Nassi na fita. Cikin watan muka kwashe kayanmu muka dawo Gaya, na ajiye aikin bishara na koma sassaƙar katako da na koya wurin kakanki.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Wata sabuwar wauta na shiga, kuma ita nake jin tsoro ki faɗa ciki a Yamai.

Kusa da rumfar aikina, ta wajen duwan, ofishin kwastan, akwai wani tsohon malamin lise, wato sakandare, da ake ce wa Mushe Antuwan (Mushe lakabin girmamawa ne na Faransanci), daga ƙetaren kogi ya zo. An haife shi cikin ikilisiya amma ya bari, ya kuma karanta littattafai da yawa. Kullum da la'asar yakan zo ya zauna kan bencin da ban gama ba, ya fara. Yau ya ce mutane ne suka rubuta Nassi, gobe ya ce tsofaffin kofe-kofen ba su yi daidai da juna ba, jibi ya ce Turawa ne suka kawo mana abin don mu yi laushi. Ni da na ga inda taurin kai ya kai ni, sai na ce daga yau ba zan ƙara musa wa kowa ba. Duk abin da ya faɗa in ce haka ne, Mushe. In ya yi ba'a da masu bi in yi dariya tare da shi. Na daina addu'a. Ina zuwa sujada don kada a yi magana, in zauna a baya ina lissafin katakon rufin. A raina ina cewa wannan shi ne tawali'u.

Kina goye a lokacin. Wata rana innarki ta kawo mini abinci rumfa, ta tarar Mushe yana kwaikwayon yadda mata ke waƙa a majami'a, ni ina dariya har da buga cinya. Ta ajiye kwanon ta koma gida. Da na koma gida ta tare ni a tsakar gida, ke a bayanta, ludayi a hannunta.

Ta ce: "Malam, waƙar da kake wa dariya, ita na yi ranar da nake naƙudar yarinyar nan."

Na ce ba ta gane ba, mutumin ya yi karatu, yana da hujja.

Ta ce: "Ka bincika hujjar?"

Ban bincika ba.

Ta ce: "Dā ba ka jin kowa, yanzu kowa ya faɗa sai ka ce haka ne. Ni ban ga bambanci ba. Dā ma ƙyuyar bincike ce ta hana ka karanta abin da Yakubu ya ce ka karanta, yanzu ma ita ce. Kai ka yi kuskure a ƙauyen can, Malam, ba Almasihu ba. Don me za ka kore shi a kan laifinka?"

Innarki aji uku ta yi a lakwal. A rayuwata ba a taɓa yi mini darasin tauhidi da ya kai wannan ba, kuma na ji haushinta har kwana biyu ban ci tuwonta da daɗi ba.

Daga nan na fara abin da ya kamata in fara tun farko. Na sayi kaye, duk abin da Mushe ya faɗa in rubuta. In na sami sarari in hau mota zuwa Doso wurin wani tsohon fasto mai haƙuri, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Wasu maganganun Mushe gaskiya ne. Lalle akwai wuraren da tsofaffin kofe suka bambanta, kuma masu bi da kansu ne suka rubuta hakan a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban taɓa kai idona wurin ba. Lalle akwai waɗanda suka zo da bishara a hannu ɗaya, raini a ɗayan. Wasu maganganun kuwa ƙari ne, wasu ma shi kansa ji ya yi bai duba ba. Na koma rumfa na fara ce masa: "Wannan ka yi gaskiya, Mushe. Wannan kuwa a'a, ga dalili." Ka ga mutum ya gyara zama. Ashe shi ma ya gaji da mai cewa haka ne. Har ya bar garin nan bai koma ikilisiya ba, ni ma ban bar ta ba, amma ya daina ba'a, ni ma na daina dariyar ƙarya.

To ki ji. A makarantar nan za ki gamu da malaman da za su gaya miki abubuwan da ba ki taɓa ji a Gaya ba. Wasu za su girgiza ki. Kada ki gudu, kada kuma ki durƙusa. In aka nuna miki da hujja cewa abin da fastonmu ko ni muka koya miki ba daidai ba ne, ki sake shi, ki gode, ki rubuto mini in sani, ban tsufa da gyara ba. Amma in wani ya taɓe baki don kin fito daga bakin iyaka, ya ce bangaskiyar innarki ta marasa karatu ce, ki tambaye shi hujja kamar yadda za ki tambayi kowa. Taɓe baki ba hujja ba ne, yawan Faransanci ma ba hujja ba ne. Haushin masu wannan hali nake ji daidai da na dattijon da ya ce ki toshe kunne. Dukansu so suke ki daina tunani, kowa dai ta wajensa.

Ki kuma koyi rarrabe abin da za ki mutu a kansa da abin da kika tarar ana yi kawai. Ni abin da na riƙe bai da yawa. Allah ɗaya ne kuma mai ƙauna ne. Almasihu ya mutu domina, ya tashi. Akwai gafara ga mai tuba, har irina. Waɗannan na sa su a wuta shekara da shekaru, da tambayar Hamidu da ta Mushe da tawa, ba su ƙone ba, kuma ba zan saya wa kowa daɗin rai da su ba. Amma ko a kaɗa ganga a sujada ko kada a kaɗa, ko wace irin shiga za a yi, ko yadda ni Iliya na fahimci wata aya mai wuya, waɗannan ana iya zama a yi gardama a kansu a tashi a ci tuwo tare. Na ga ikilisiya ta rabu biyu a kan ganga. Na ga manya sun daina gaisawa. Abin kunya, a garin da dukanmu ba mu cika layi biyu na masallacin Juma'a ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ban yi magana da baffanki ba. Ya bar aikin Gaya ya koma Malanbil, ƙetaren gadar iyaka, ya daina shiga kowace majami'a. Kina 'yar shekara bakwai na kama hannunki muka taka gada, lokacin ana wucewa ba wahala, wataƙila kina tuna wata mata da ta ba ki alewa a wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Na tarar da shi yana wanke motonsa. Na ciro Nassi daga jaka na ce: "Yakubu, na zo in karanta abin da ka ce in karanta." Na karanta ayar, da ta gabanta, da ta bayanta, a tsaye cikin rana. Yana da gaskiya. Maganar a fili take, ko ɗan aji shida zai gane. Ya matse tsumman hannunsa ya ce: "Layi biyu, Yaya. Shekara goma sha ɗaya." Ya ce ya yafe mini tuntuni. Na ce to ya dawo sujada. Ya ce: "Wannan kuma ba a hannunka yake ba." Har yau bai dawo ba. Ina masa addu'a kowace safiya, ba na kuma matsa masa, don na san wanda ya rufe masa ƙofar.

Wurin Ladi ya fi wuya. Na je gidansu bayan sun ƙaura zuwa Gaya, ta zama budurwa tana koyon ɗinki. Na durƙusa gaban Talatu na faɗi laifina duka, na roƙe ta ta gaya wa Ladi da hannu, tunda ita ta iya maganarsu. Talatu ta ce: "A'a, Malam. Da bakinka ka hana ni ɗaukarta. Ka gaya mata da kanka." Na juya wurin Ladi na yi ta magana, hawaye na zuba, ita tana kallona tana murmushi, tana tsammani ɗinki na kawo.

Wata biyar na yi ina zuwa wurin ƙanwarta tana koya mini alamun da suke yi a gida. Ranar da na ga zan iya, na sami Ladi a rumfarta a bakin kasuwa. Na nuna mata ƙaramar yarinya, na nuna wuya a sanƙare, na nuna uwa tana so ta ɗauka, na nuna kaina ina tare ƙofa, kwana uku. Sannan na taɓa kunnena, na nuna ta, na nuna ƙirjina. Ta daina taka keken. Ashe ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya tafin hannunta sama, wato don me. Na banƙaro ƙirji, na ɗaga haɓa, na nuna mata mutum mai girman kai, a tsakiyar kasuwa, masu wucewa suna kallon dattijon ikilisiya kamar ya taɓu.

Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban tambaya ba, ba ni da wannan hakkin. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗinki, ni ina tsaye cikin rana ban san ko in tafi ba. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta sa ƙafa ta turo mini kujera cikin inuwa. Na zauna har ta gama rigar.

Ke za ki yi karatun da ban yi ba, mutane kuma za su yarda da ke fiye da yadda suka yarda da ni. Wata rana wata uwa za ta tsaya gabanki da ɗanta a hannu, ta yi abin da kika ce don ke kika ce. Shi ya sa na yi miki faɗa haka, kuma ban yi nadama ba.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga ciwo, daga mugun aboki, daga haɗarin titin Yamai. Ya ba ki malamai masu tsoronsa, ya buɗe miki kai, ya ƙarfafa miki zuciya, ya dawo mana da ke lafiya lokacin hutu. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ki rufe yajin da ta sa miki da kyau don kada ya sha iska. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Iliya